Lafiyar Iyali: Ciwon Daji Na Ƙwaƙwalwa

A Tambuwal da Kebbe, in babba ya soma farfaɗiya da ciwon kai da amai, mukan ce iska ce. Wani lokaci kuwa ƙari ne cikin ƙwaƙwalwa. Mafi muninsa, ko an yi aiki an ba da magani, rabin masu shi ba su wuce wata 15.

Amma ba duka ɗaya ba ne. A 2005 likitoci suka ga in wata ƙwayar halitta, MGMT, ta yi barci cikin ƙarin, magani ya fi kama shi. Rabin irin waɗannan sun haura wata 21.

Saboda haka in an yi wa ɗan'uwanmu aiki a Asibitin Koyarwa na Sakkwato, kada mu ji nauyi, mu tambayi likita ko za a iya gwada naman da aka cire.