Unguwar Nima da Hausar da Take Ci da Ita

Idan aka ambaci Nima, wato unguwar nan mai cunkoso da ke cikin birnin Accra na ƙasar Gana, abin da kan fara zuwa wa mutane a rai shi ne matsattsun lunguna, da gidajen haya inda iyalai da dama ke tarayya a tsakar gida guda, da kwatocin da kan cika su batse da zarar damina ta kankama. Duk wannan gaskiya ne, kuma alhakin gyara yana wuyan hukuma. Sai dai a ganina kuskure ne mai nazari ya tsaya a nan.

Tun da asuba mata ke fitowa da koko da ƙosai a bakin titi, kafin hantsi kuma an sauke shinkafa da wake, abincin da duk Gana ke kira "waakye", sunan da asalinsa kalmar "wake" ce. A kasuwar unguwar, Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Fulani ke cinikin hatsi da albasa, kuma da Hausa ake tayi, da ita ake sallamawa, da ita ake neman bashi a wurin maƙwabci. Fataucin goro ne ya fara kai harshen ƙasar, ta garuruwa irin su Salaga. Ko korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a 1969 ba ta raba zangunan Gana da shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasunmu ke yi wa wannan Hausa kallon gurɓatacciya, don kawai ɗan Nima kan ce "yarinya ya zo", ko ya furta "ƙ" tamkar "k". A ilimin kimiyyar harshe wannan ba aibi ba ne. Duk harshen da ya zama na hulɗa tsakanin ƙabilu yakan sauƙaƙa wasu ƙa'idojinsa, kuma bambancin jinsi yana cikin waɗanda kan fara zubewa.

Ku ɗalibai masu shirin zama malamai, da yawanku a irin waɗannan unguwanni za ku koyar, a Sabon Garin Kano ko a Agege ta Legas. Yaron da zai zauna a gabanku wataƙila ya yi talla kafin ya zo aji, ya lissafa canji da harsuna biyu ko uku. Ku koya masa daidaitacciyar Hausa domin rubutu da jarrabawa, wannan wajibi ne. Amma ranar da kuka sa aji ya yi wa Hausar gidansu dariya, da wuya ya sake ɗaga hannu ya amsa tambaya.