In An Tsare Baƙo, Ina Makomar 'Ya'yansa?

'Yan'uwa manoma, kowace shekara in an gama girbi muna ganin mutanen Nijar suna gangarowa ƙasar Tambuwal da Kebbe cin rani. Waɗansu suna yi mana ƙwadago a fadama, su dasa albasa, su sari rake, waɗansu kuma matansu suna sussuka da ɗiban ruwa. Da yawa sukan zo da ƙananan yara. To, in ma'aikatan shige da fice ko 'yan sanda suka kama uban ko uwar domin rashin takarda, wa ke da iko a kan yaran nan? Mu dai a ganinmu iko yana hannun iyayensu, ko suna tsare ko suna waje.

Maganar nan ba sabuwa ba ce. Ran 17 ga Janairu 1983 Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da takarda mako 2 su fita daga Nijeriya. Zamanin Shugaba Shehu Shagari ke nan, wanda garinsu ke nan kusa da mu a hanyar Sakkwato. An ƙiyasta mutum wajen miliyan 2 suka fita, mafi yawa mutanen Gana, amma da mutanen Nijar da Cadi masu yawa. A 1985 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sake yin haka. Mako 2 ba ya isa mutum ya karɓi bashinsa, balle ya tattara iyalin da suka warwatsu a ƙauyuka.

A wancan lokaci babu dokokin da muke da su yau. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991. Sashe na 9 ya hana a raba yaro da iyayensa ba da sonsu ba, sai hukumar da ke da ikon yin haka ta bincika bisa doka ta ga rabuwar ita ce alheri ga yaron. Ya kuma wajabta wa gwamnati, in ita ce ta tsare mutum ko ta kore shi, ta gaya wa iyalinsa inda yake idan suka tambaya. Watau tambayar nan ba roƙo ba ne, haƙƙi ne. Jihar Sakkwato ma ta yi tata dokar kare yara a 2021. Rashin takardar zama laifi ne tsakanin mutum da gwamnati, bai mai da shi mugun uba ba.

Amma fa doka tana Sakkwato, yaro kuwa yana bukka a bakin fadamarmu. Abin da ke faruwa a kwana 3 na farko shi ne ke yanke al'amarin. Maƙwabci mai tausayi ya ɗauki yarinya, wani ya ɗauki ƙanenta zuwa wani ƙauye, ba a rubuta kome ba. Bayan wata 6 yarinyar ta zama mai talla, yaron ya zama mai kiwon awakin wani, kowa kuma yana cewa taimako ya yi. Riƙo abu ne mai kyau da muka gada, amma riƙon da iyaye ba su sani ba, ba su kuma yarda ba, wani abu ne dabam. Har akan fara zancen aurar da yarinya, uban kuwa yana da rai.

Mun san waɗansu za su ce, tun da ƙungiyar Lakurawa ta addabi Tangaza da Gudu, wa zai sa kansa cikin maganar baƙo a ce yana ɓoye ɓarayi? Tsoron nan gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Ga kuma Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairu 2025, abin da ya ƙara rikita mutane kan wace takarda ke aiki. Amma wanda ya kai magana gaban hakimi da rana tsaka, shi ne ya fi kowa tsira daga zargi. Mai ɓoyewa ne ke shiga uku.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiyar manoma ta ɗauki wannan aiki a kanta. Sakatare yana da littafin da yake rubuta taki da bashi, sai ya keɓe shafi domin 'yan ƙwadago: sunan mutum, garinsu, sunayen yaransa, da lambar wayar wani ɗan'uwansa a gida. In aka kama mutum, a ranar nan a sanar da mai unguwa da hakimi da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Yaran su zauna gida guda, kada a raba wa da ƙane. Mutum 2 daga ƙungiya su je inda aka tsare shi, su gaya wa ma'aikata yana da yara, su kuma ji daga bakinsa wa ya yarda ya riƙe su. In za a mai da shi ƙasarsa, a nemi ya tafi da 'ya'yansa, ko ya faɗi ɗan'uwan da zai zo ya ɗauke su.

Kuɗin ƙwadagon da bai karɓa ba kuwa, da buhun hatsin da aka yi masa alkawari, mai gona ya kawo su wurin ma'aji a gaban shaidu. Daga ciki za a ciyar da yaran, saura a ajiye masa, a rubuta kowace naira da ta fita.