Kafin A Sauke Injin Tsohuwar Fijo: Shirin Zaune Ya Fi Na Tsaye

A wannan makon za mu leƙa gareji ne. Da wuya a samu unguwa a Funtua, Bakori ko Malumfashi da babu wata tsohuwar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, a jingine a gindin bishiya, tayoyinta sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Duk wanda aka tambaya amsarsa ɗaya ce: "Inji kawai take so." Mu kuma matasa da muka saba kallon bidiyo a waya, inda ake ɗauko tsohuwar motar tsere a zura mata sabon inji cikin minti goma, sai mu ga kamar abin wasa ne. To, abin da muke so ku riƙe yau shi ne, a aikin canjin inji, injin shi ne abu na ƙarshe da ake saye. Kafin shi akwai biro, takarda da tef na awo.

Mu fara da sanin motar. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, ta kuma ci gaba da haɗa 504 har bayan shekarar 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983. Kada ku raina ta don kun gan ta da lodin masara. A 1975 wata 504 ce ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, ɗaya daga cikin tseren motoci mafi wahala a duniya, a hannun direba Ove Andersson. A 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya sake lashe shi da 504 mai ƙofa biyu, wadda kamfanin ya sa wa babban inji mai silinda shida. Ashe akori-kurar da ke jigilar buhuna zuwa kasuwar Dandume 'yar gidan 'yan tsere ce.

Tambaya ta farko da za a rubuta a takarda ita ce: me ake so motar ta yi? Wanda ke son ta ɗauki buhu daga gona ta ratsa laka da yashi, ƙarfin ja yake nema, wato injin da ke da ƙarfi tun yana juyawa a hankali. Wanda ke son ya yi fasinja tsakanin Funtua da Malumfashi, rashin shan mai ne damuwarsa, musamman tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Wanda kuma burinsa ya ji ƙugi a kan kwalta, wannan wani lissafi ne daban. Inji ɗaya ba zai biya duka ukun ba. Idan gida bai zauna ya amsa wannan tambaya ba, mai sayar da inji ne zai amsa musu ita, shi kuma abin da ke shagonsa zai zaɓa.

Tambaya ta biyu: shin tsohon injin ya mutu ne, ko ciwo yake yi? Injin da ke hayaƙi yana shan baƙin mai, sau da yawa zobban fistin ne suka cinye. Wanda ke yawan zafi, ƙila gasket ne ya ƙone ko lagireto ya toshe. Ƙwararren makaniki na iya auna matsin kowace silinda ya gano inda matsalar take tun kafin a kwance komai. Gyaran injin da aka haifi mota da shi yakan fi canji sauƙi, domin duk abin da ke kewaye da shi dama don shi aka yi. Sai idan gangar jikin injin ta tsage, ko kuɗin gyara ya kusa na saye, sannan a fara maganar canji. A nan ne kuma za a shiga ƙarƙashin motar da tocila a duba shasi. Idan tsatsa ta ci wurin da inji ke zama, to an gama magana, domin ba a ɗora sabon rufi a kan katangar da ruwa ya ci.

Yanzu sai awo, kuma a nan ne darasin lissafinku zai yi rana. Kun taɓa jin ana cewa inji "mai lita biyu" ne? Injin fetur da aka fi sani a 504 yana da silinda huɗu. Faɗin bakin kowace silinda santimita 8.8 ne, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa kuma santimita 8.1. Ku raba 8.8 biyu, ku sami 4.4. Ku ninka 4.4 da kanta, ku ninka da 3.142, sannan da 8.1. Za ku sami kusan 493. Ku ninka da huɗu, ku ga ya ba ku wajen 1,971. Wannan shi ne cc 1971 da ke rubuce a takardun injin, wato lita biyu saura kaɗan. Lissafin girman silinda da malaminku ke rubutawa a allo kuna hamma, shi ne dai wanda injiniyoyin Faransa suka yi.

Amma girman ciki daban, girman waje daban. Ku buɗe bonet ɗin 504 ku duba da kyau. Injinta a kishingiɗe yake, an karkatar da shi digiri 45 don bonet ya kwanta ƙasa. Idan aka kawo dogon inji mai tsayuwa sak, bonet ba zai rufu ba. Sannan injin 504 a tsaye yake daga gaba zuwa baya, yana miƙa ƙarfinsa ta giyabos da furofela zuwa tayoyin baya. Injin Golf ɗin da ke haya a hanyoyinmu, ko na Peugeot 406, a gicciye yake, yana jan tayoyin gaba. Don haka wanda ya ce zai ɗauko injin Golf ya sa wa 504 saboda ba ya shan mai, ya ɗauko aiki babba: giyabos ba za ta haɗu ba, kulochi ba zai dace ba, mazaunin inji sai an ƙera sabo, salansa sai an sake lanƙwasa ta. Shi ya sa kanikawa suka fi son injin 505, domin yawancin 505 masu lita biyu injin dangi ɗaya suke amfani da shi da 504. Abin da za a auna a rubuta: tsawon wurin inji, faɗinsa, zurfinsa, tazarar da ke tsakanin mazaunai biyu, da wurin da sandar sitiyari ta ratsa.

Kowane sabon inji kuma yana zuwa da 'yan rakiya, kuma su ne ke cinye kuɗi a ɓoye. Injin zamani ba ya aiki da kafireta. Yana da 'yar kwamfuta da kanikawa ke kira birenbos, da tarin wayoyi, da famfon mai na lantarki mai matsi sosai. Wasu ma ba za su tashi ba sai da ainihin makullin motar da aka ciro su. Wanda ya sayo inji tsirara babu waɗannan, ya sayo ƙarfe ne kawai. Injin gas kuwa, wato dizal, wanda Peugeot ta sa wa wasu 504 mai cc 2304, ya fi na fetur nauyi, yana son babban batir, kuma a hankali yake juyawa, don haka idan ba a duba giyar aksil ɗin baya ba, motar za ta yi ta ƙugi ba ta gudu. Akwai wani abu da mutane da yawa ke mantawa: abin da ke sa birki ya yi taushi a ƙafa yana samun zuƙar iska ne daga injin fetur. Injin gas ba ya bayar da wannan zuƙa da kansa, sai da wani ƙaramin famfo. Idan aka manta da famfon nan, birki zai yi tauri kamar dutse a lokacin da ake buƙatarsa.

Sai zafi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin mai, zafi yake zama wanda lagireto ke kwashewa. Inji mai ƙarfi ya fi ƙona mai, don haka ya fi zafi. Tsohon lagireto da aka yi don ƙaramin inji ba zai iya da shi ba, balle a watan Afrilu da lodi a baya.

Babban abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne birki. Malamin Fiziks ya koya muku cewa ƙarfin abin da ke tafiya yana ƙaruwa ne da ninkin gudunsa a kan kansa. Ma'anarsa, motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana ɗauke da ƙarfi ninki huɗu na wadda ke gudun 60, ba ninki biyu ba. Duk wannan ƙarfi birki da taya ne za su kashe shi. Ku ƙara buhu goma sha biyar a baya, da yaran mota a saman lodi, da garken shanu da ya ɓullo a kwana. Ƙara wa mota ƙarfi ba tare da an gyara birki, taya da sifirin ba, sayen hatsari ne da kuɗin gida.

Ko manyan masana ba su tsallake wannan doka ba. A 1962 wani Ba'amurke ɗan tsere, Carroll Shelby, ya ɗauki ƙaramar motar Ingila mai suna AC Ace ya sa mata injin Ford mai silinda takwas, aka sami shahararriyar motar nan Cobra. Tun a lokacin sai da aka ƙarfafa aksil ɗinta na baya. Da suka zo sa mata inji mai lita bakwai a 1965, sai da suka sake shasin gaba ɗaya da bututun ƙarfe masu kauri, suka canja sifirin, suka faɗaɗa bodi. A nan gida ma, Mustapha Gajibo na Maiduguri ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu na lantarki da batura. Shi ma dole ya lissafa nauyin batura da inda za su zauna kafin ya kwance kusa ɗaya.

Idan takarda ta cika, sai maganar kuɗi da lokaci. A jera komai: inji, kulochi, lagireto, birki, tayoyi, batir, ladan makaniki, na mai walda, na mai gyaran waya, da kuɗin dakon injin daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. A ware wani abu a gefe don abin da ba a zata ba, domin tsohuwar mota ba ta faɗin duk ciwonta rana ɗaya. Idan kuɗin da ke hannu na inji ne kaɗai, gara a jira. Da yawan motocin da kuke gani a kan duwatsu a gareji ba rashin inji ya ajiye su ba, kuɗi ne ya ƙare a tsakiyar aiki, bayan an riga an sayar da masara ko ɗan bijimi. Lokaci ma abin lura ne. Da kaka kuɗi ke shigowa, amma a lokacin ne aka fi buƙatar motar. Da faɗuwar damina kuma ga jigilar taki. Ga mai noman damina, tsakiyar rani ne lokacin aiki. Mai tumatir na rani a Danja ko Kafur kuwa, nasa lissafin ya sha bamban. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar saye, a je da makanikin da zai yi aikin. Injin Beljiyam sunansa kawai ke nan, ba shaidar lafiya ba ce. A juya shi da hannu, a duba baƙin mai ko ya yi fari kamar an zuba madara, a ciro filogi a gani, in da hali a tayar da shi a ƙasa. A yi yarjejeniyar kwanakin gwaji. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, sannan a je ofishin lasisi da na VIO a gyara takardun motar, domin lambar tsohon inji ce a kansu. Wanda aka tare a hanya da injin da ba shi da takarda, zai sha tambayar inda ya samo shi. Bayan an ɗora, a yi gwaji a cikin gari kwana da kwanaki babu lodi. Kun san hanyoyinmu a wannan zamani, ba wanda ke son mota ta mutu masa a daji da magariba.

Ƙannenmu, mun san ba ku ke da motar ba, ba kuma ku ke riƙe da kuɗin ba. Amma idan Baba ko Kawu ya fara zancen canja inji, kuna iya cewa cikin ladabi, "Baba, a ba ni dama in auna in rubuta." Makanikin unguwa ya fi ku sanin ƙarfe nesa ba kusa ba, ku kuma kuna da lissafi da rubutu. Idan aka haɗa biyun, kuɗin gida ya tsira. Masu sha'awar wannan fanni su riƙe lissafi, Fiziks da zanen fasaha da kyau, domin su ne ƙofar kwalejin fasaha da sashen injiniya na jami'a irin ABU Zariya. In kun je gareji kuma, kada ku kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada ku tsaya ƙarƙashin injin da aka rataye, domin ya fi buhun masara nauyi, kada kuma ku buɗe murfin lagireto yana da zafi.

Ga aikin gida. Akwai ƙaramin injin 504 mai silinda huɗu, faɗin bakin silindarsa santimita 8.4, tafiyar fistin 8.1. Cc nawa ne? Ku lissafa ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku.