Kafin Ki Kira Motar Kwashe Kaya: Darasin Da Na Koya A Hanyar Tiga

 

Makonni uku da suka wuce, bayan an tashi daga makarantar matan aure, sai wata ɗalibata ta tsaya a bakin aji tana jirana. Ta ce, "Malama, an yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Tiga, ya ce in fara ɗaure kaya, ni kuwa ban san ta inda zan fara ba. An ce min kin taɓa zama a can." Na ce mata ta zauna, domin maganar ba ta tsaye ba ce. Da muka gama sai na ga ai ba ita kaɗai ke bukatar wannan bayani ba, domin tashi daga gida zuwa gida abu ne da ke gaban kowace matar aure, musamman matan ma'aikata da masu zaman haya.

Ga wadda ba ta san Tiga ba, gari ne ƙarami a ƙaramar hukumar Bebeji, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Sunansa ya fito ne saboda madatsar ruwan da aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, wadda ruwanta ke shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura. An gina otal ɗin Rock Castle a wurin domin masu zuwa hutawa, kuma mutane kan zo kallon ruwa, musamman lokacin bukukuwan Sallah. Wuri ne mai iska da kwanciyar hankali da kifi ɗanye. Amma zuwa kallon ruwa da 'yar jaka a hannu daban, zuwa da gado da sif da 'ya'ya uku daban.

Mu a 2019 muka koma can. Maigida ne ya yi cinikin mota ta waya. Direban ya tambaye shi yawan kayan, ya ce, "Ba wani yawa, kayan ɗaki ɗaya ne da falo." Kin san maza ba su san abin da ke ƙarƙashin gado da saman sif ba. Aka daidaita a kan N15,000, muka ware N5,000 na 'yan dako, muka ɗauka an gama magana. Ranar tashi sai ga a-kori-kura a ƙofar gida. Kujeru da gado da katifa kawai suka cika ta. Direba ya ce sawu biyu za a yi, kuma kowane sawu da kuɗinsa. A nan aka fara kai ruwa rana, ga kaya a waje, ga maƙwabta suna kallo. Dole muka amince. 'Yan dakon da suka yi lodi a Kano suka karɓi N4,000 suka yi tafiyarsu, domin su a ganinsu lodi kawai aka ɗauke su. Sawu na biyu bai isa Tiga ba sai bayan isha'i, cikin yayyafi, babu tamfol. Samarin da muka samu a can suka ga baƙi cikin dare, suka ce N5,000 ko a bar kayan a mota. Da gari ya waye na tarar ƙofar sif ta ɓalle, madubina ya tsage gida biyu, katifa ta sha ruwa. Kafinta ya ci N7,000 na kwancewa da ɗaurawa, gyaran sif da sabon madubi suka ci N12,000. Aikin da muka yi wa kasafin N20,000 ya tashi a N58,000.

Duk wannan bai dame ni ba kamar kwali guda na tangaram da mahaifiyata ta shekara tana tara min tun ina makarantar sakandare. An ɗora turmi a kansa. Ko faranti huɗu ban tsira da su ba. Na yi kwana biyu ina gaida maigida a taƙaice, shi ma yana jin nauyina, alhali ba shi ya fasa ba, ba kuma ni ba. Rashin shiri ne ya fasa. Shi ya sa nake gaya miki, uwargida, kada ki ce cinikin mota aikin maza ne, ki naɗe hannu. Shi ne zai biya, domin samar da matsuguni a wuyansa yake, amma ke kika san kayan, kuma yawancinsu naki ne, guminki da na iyayenki.

To, me ya sa tashi zuwa irin wannan gari ya fi na cikin birni tsada? Dalili na farko shi ne komawar mota. In daga Gwammaja za ki koma Hotoro, direba yana sauke kayanki zai iya samun wani aikin a nan kusa. Amma wanda ya kai ki ƙauyen bakin ruwa, sau da yawa haka zai juyo babu kaya, saboda haka man zuwa da na dawowa duk a kanki zai lissafa. Man kuwa ba na da ba ne. Tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kuma a ƙarshen 2024 ta kai N1,000 a wurare da dama. Saboda haka kuɗin da na lissafa miki a sama na 2019 ne, kada ki je tasha da su a baki, za a yi miki dariya.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin motoci da ma'aikata. A ƙaramin gari masu manyan motoci ba su da yawa, kuma duk sun san juna, babu wanda zai karya farashin ɗan uwansa saboda ke. Sannan lokacin ɗibar tumatir da rani, ko lokacin girbin shinkafa, motocin yankin suna can gona suna jigila, kayan ɗakinki ba su ne a gabansu ba. Na uku, garin da ya saba karɓar masu zuwa shaƙatawa ya saba da farashi biyu, na ɗan gari da na baƙo. Ranar da kika sauka, ke baƙuwa ce, sai in kina da wanda zai tsaya miki.

Da muka tashi dawowa Kano a 2024, na riga na sha wuya, don haka ni na zauna da maigida muka tsara komai tun saura wata guda. Ga abin da muka yi, kuma shi na gaya wa ɗalibata.

Da farko ki rage kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki buɗe kowane ɗaki ki ware abin da kika shekara biyu ba ki taɓa ba: tsofaffin robobi, kujerar da ta karye, risho da ya daina aiki, kayan da yara suka girme wa. Na sayarwa ki sayar, na kyauta ki bayar. Randa da turmi da murhu akwai su a can, wataƙila ma sun fi araha. Irin sif ɗin zamani da ake yi da matsattsen garin katako ba ya son kwancewa da ɗaurawa, kuma ba ya shiri da laima, ga shi bakin ruwa za ki. In ya riga ya fara kumbura, sayar da shi ya fi biyan kuɗin ɗaukarsa.

Na biyu, kada a yi ciniki ta waya. Gani ya kori ji. Maigida ya kawo direban gida ya ga kayan da idonsa, shi zai faɗi ko a-kori-kura za ta isa ko sai kanta. Sau da yawa babbar mota sawu ɗaya ta fi ƙarama sawu biyu sauƙi. A tambayi mutum uku kafin a tsayar da ɗaya, kuma a ɗauki wanda aka san tasharsa, aka san shugabannin ƙungiyarsu, a rubuta lambar motar. In ta hannun ɗan kamasho aka bi, a san tun farko wa zai biya shi la'adarsa. Wanda kuma ya faɗi kuɗi ƙasa ƙwarai da na sauran, a yi hattara da shi, araha ba ta ado.

Akwai wata dabara da wani dattijo maƙwabcinmu a Tiga ya koya wa maigida. Ya ce a nemi motar da dama can za ta bi hanyar babu kaya. Mai zuwa daga birni zai iya dacewa da motar da za ta je ɗauko amfanin gona, mai komawa birni kuma ya dace da wadda ta kawo siminti ko kayan shago za ta juya. Irin wannan direba duk abin da ya samu riba ce, don haka yana sassautawa. Sharaɗin kawai shi ne a wanke bayan motar a shimfiɗa leda. Motar da ta saba ɗaukar kifi ko taki kuwa, kada ki yarda katifarki ta hau ta, ƙarnin ba ya fita.

Na uku, a fayyace komai kafin a ɗaga ko tsinke. Wannan ma abin da muke karantawa ne a babin ijara: aikin ya zama sananne, ladan ya zama sananne. Kuɗin da aka faɗa, na sawu nawa ne? Da mai a ciki? Wa zai biya 'yan lodi, kuma su ne za su bi motar su sauke ko wasu za a nema a can? Saukewa a ƙofar gida ne ko har cikin ɗaki? In an tare motar a hanya an nemi kuɗin takarda ko haraji, a aljihun wa zai fito? Akwai tamfol da igiya? In abu ya fashe saboda ganganci, yaya za a yi? A rubuta a 'yar takarda gaban shaida. A ba da kafin alƙalami daidai kuɗin mai, ciko sai kaya sun sauka an ƙirga.

Na huɗu, ɗaurin kaya aikinki ne, kada ki bar wa yara ko 'yan dako. Ki nemi kwalaye a wurin masu shago tun da wuri. Kowane faranti da kofi ki naɗe shi da tsohuwar jarida ko tsumma, farantai ki jera su a tsaye, ki cusa zannuwa a duk inda ya rage fili. Madubi da gilashin dibaida a naɗe su da bargo, a tsayar da su tsakanin katifu. Kafinta ya zo tun ana gobe, kusoshi da notunan kowane gado a ƙulle su a leda ɗaya a ɗaure a jikinsa. Firij a kashe shi tun dare ya tsane, a ɗauke shi a tsaye, in an isa a bar shi ya huta wasu awanni kafin a kunna. Tukunyar gas a rufe ta da kyau, a cire tiyo, ita ma a tsaye. Ki sa wa kowane kwali da buhu lamba, ki rubuta a littafi, ki ƙirga wajen hawa, ki ƙirga wajen sauka. Gwal ɗinki da kuɗi da takardun makaranta da na asibiti kuwa, a jakar hannunki za su yi tafiya.

Na biyar, zaɓen rana. Ki guji makon Sallah da ranar kasuwar garin, ki guji tsakiyar damina in da hali, domin hanyoyin cikin unguwa a ƙauye ba kwalta ba ne, mota mai nauyi tana iya kafewa. A yi lodi da asuba don a isa da rana tsaka. Maigida ya riga ya je ya ga gidan, ya ga ko mota za ta iya kaiwa ƙofa, ya gaida mai unguwa, ya nemi wani ɗan gari ya tsayar masa da samarin da za su sauke kaya a kan kuɗin da aka sani. Ki ware jaka guda ta daren farko: tabarma, gidan sauro, fitila, buta, ruwan sha, abincin da ba ya lalacewa da kayan sawar yara. Sauron bakin ruwa ba ya jiran ki gama jere. Ranar nan kuma ki ɗora wa wata babba alhakin yara ita kaɗai, domin hankalin kowa yana kan kaya, yaran birni kuwa da sun hango ruwa can za su nufa. Ban da haɗarin nutsewa, wanka a irin wannan ruwa yana jawo tsargiya.

Bayan duk lissafi, ku ajiye wani abu a gefe, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kuka kasafta, domin ba a rasa abin da zai ɓullo.

Abu na ƙarshe, 'yar uwa, kada tsoron a cuce mu ya sa mu cuci wasu. Wanda ya ɗauki firij ɗinki a gadon bayansa ya tsallake kwata da shi, ba ƙaramin aiki ya yi ba, kuma shi ma iyali yake ciyarwa. In an yi ciniki an gama, a biya shi nan take, ba "dawo gobe". A ba su ruwa mai sanyi, in akwai abinci a zuba musu. In kika ga kayan sun fi yadda aka faɗa musu, ki sa baki maigida ya ƙara musu wani abu. A dawowarmu haka muka yi, kuma ko cokali ban rasa ba, har yaron motar ne ya biyo ni da murfin samira da ya faɗa ƙarƙashin kujera.

Ɗalibar tawa ta tashi ranar Asabar da ta wuce. Ta bugo min waya da la'asar ta ce sun sauka lafiya, kwali 23 ta ƙirga a Kano, 23 ta ƙirga a Tiga. Na ce ta soya kifi ta ci a madadina.

Allah Ya sa duk inda za mu koma ya fi inda muka baro alheri, Ya haɗa mu da maƙwabta nagari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.