Labarin zuciya a tambayi fuska: to, in fuskar ta aro ce fa?

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Tsakanin ƴan Adam maganar tana da tushe, domin jini guda ne ke ratsa fuska da zuciya. Amma ga wani baƙo ya sauka: mutum-mutumin cikin kwamfuta, wanda ke fitowa a gilashin talho, ya gaishe ka, ya amsa tambayarka, har ya ba ka shawara. Shi wannan, maƙeransa ne suka zaɓa masa fuska da murya, kamar yadda ɗan kasuwa ke zaɓen hajar da zai shimfiɗa a bakin rumfa.

Masana sun auna gaggawarmu wajen yanke hukunci. A shekarar 2006, binciken jami'ar Princeton ta Amurka ya nuna cewa kashi ɗaya cikin goma na sakan ya ishi mutum ya dubi fuska ya ce wannan mai amana ne ko a'a. Wannan hali muke kai wa na'ura. A 1997, Clifford Nass da abokan aikinsa na jami'ar Stanford sun sa kwamfuta ta yi bayani iri ɗaya da muryar namiji da ta mace. Masu sauraro suka ce mai muryar namiji ta fi sanin sha'anin na'urori, mai muryar mace ta fi sanin sha'anin soyayya, alhali kuwa na'urar ba namiji ba ce, ba mace ba.

Abin da ya fi tayar da hankali ya zo a 2022. Sophie Nightingale da Hany Farid sun nuna wa jama'a hotunan fuskoki, wasu na mutanen gaske, wasu ƙirar kwamfuta. Mutane suka kasa bambanta su, har ma suka ɗan fi amincewa da na ƙira. Macuta kuwa ba su yi barci ba. A farkon 2024, a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfani ya shiga taro ta bidiyo, ya ga shugaban kuɗi da abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, ya aika da dalar Amurka kusan miliyan 25, wato kimanin miliyar 15 na kuɗin Sefa. Duk waɗanda ya gani a taron ƙirar kwamfuta ne.

Ra'ayinmu shi ne, kyan fuskar na'ura ba shaida ba ne. Rawani ba ya sa mutum ya zama malami, murmushin mutum-mutumi kuma ba ya sa maganarsa ta zama gaskiya. Abin tambaya uku ne: wa ya ƙera shi, wa yake yi wa aiki, kuma abin da ya faɗa ya tabbata a wani wurin?

Tarayyar Turai ta kafa doka a 2024 wadda ta tanadi a sanar da mutum in da na'ura yake magana. Ya kamata mahukuntanmu su dubi wannan hanya. Kafin nan, ma'aikacin da ke riƙe da dukiyar jama'a kada ya saki ko dala don ya ga fuskar shugabansa a talho. Ya kira lambar da ya sani, ya nemi takarda mai sa hannu da hatimi. Wanda ya koyi karatu kuma ya faɗakar da na gida da maƙwabta. Rigakafi ya fi magani.