Layi goma sha ɗaya da suka ci mini kwana huɗu

Yau zancen wurin aiki na kawo muku, don abin ya tsaya mini a rai. Wani ƙanenmu da muke aiki tare a Ikeja, yaro mai ƙwazo, ya kawo mini gyaran da ya yi wa manhajar da muke raba kwamfuta ɗaya da ita ga masu haya da yawa. Layi goma sha ɗaya ne kacal. Na riƙe shi kwana huɗu ban sa hannu ba. Ranar na uku ya tare ni bayan sallar la'asar ya ce, "Yaya, ko dai na yi maka wani laifi ne?"

Bai yi ba. Wurin da ya taɓa ne ba a wucewa da gudu.

Mai karatu ya ɗauki babbar kwamfuta tamkar gidan haya irin na Agege. Kowane ɗan haya an ba shi tasa kwamfutar ta cikin kwamfuta, yana ganin shi kaɗai ne a gidan, alhali ƙwaƙwalwar RAM ɗin guda ce. An yanka ta shafi-shafi, galibi kowane shafi kilobait 4, manhajar kuma ita ke riƙe da rajistar wane shafi na wa. Idan wuri ya yi ƙaranci ta karɓe daga wannan ta ba wancan. A Linux ma, tun 2009 akwai tsarin KSM mai haɗe shafukan da suka zo iri ɗaya su zama guda, sai wani ya zo rubutu a kai a ware masa nasa. Kuskure ɗaya a rajistar nan, sai ɗan haya ya leƙa ɗakin maƙwabci, ko ma ya ƙwace gidan daga hannun mai shi.

Ba tsoratarwa nake ba. A watan Oktoban 2015 masu manhajar Xen sun sanar da wata ɓaraka, XSA-148, a wajen tantance manyan shafuka, wadda ke bai wa ɗan haya damar mallake na'urar dungurungum. Ta yi kusan shekara 7 a kwance. A shekarar dai aka gano VENOM a cikin QEMU, a ɓangaren faifan floppy da kusan babu mai amfani da shi, kuma tun 2004 yake nan. Sai Dirty COW a 2016, a tsarin nan na ware shafi lokacin rubutu a Linux: shekara 9 yana ciki. Linus Torvalds da kansa ya ce ya taɓa ƙoƙarin toshe shi shekara 11 kafin nan, aka warware gyaran saboda ya jawo matsala a injinan s390 na IBM. Manyan gwanaye ke nan fa.

Shi ya sa idan aka kawo mini irin wannan gyara, "na gwada, yana aiki" ba ya gamsar da ni. Tambayata ita ce: wa zai saki shafin nan, kuma yaushe? Idan masarrafai biyu suka iso kansa lokaci guda fa? An goge abin da ke ciki kafin a miƙa wa wani? Adadin da ɗan haya ya turo, an auna shi ko an yarda da shi ne kawai? A gyaran ƙanen namu, idan komai ya tafi daidai babu matsala. Amma idan neman wuri ya ci tura a tsakiya, ana mayar da shafin rumbu sau biyu. Gwajinsa bai taɓa bi ta nan ba, don na'urar gwaji ba ta cika. Na'urar masu haya kuwa tana cika, yawanci da tsakar dare.

Na san abin da za a ce, kuma da gaskiya a ciki. Jinkiri na kashe wa yaro gwiwa, wasu masu dubawar kuma girman kai ne ke damunsu ba tsantseni ba. Ni ma na yi kuskure da na yi shiru kwana uku. Ya kamata tun ranar farko in ce masa ga inda nake kokwanto. Amma ban yarda da masu cewa dubawa aikin wanda ya kasa rubutawa ba ne. Yaranmu da ke koyon wannan sana'a a Legas da Ibadan, kowa burinsa a ce shi ya rubuta. Ga shi yanzu na'ura ma tana zubo lambobi cikin daƙiƙa, masu iya karantawa su ce "tsaya" ne suka yi ƙaranci.

Jiya ya dawo da gyaran, ya raba shi gida uku, kowanne da bayanin dalilinsa. Na sa hannu a biyu. Na ukun akwai wani makulli da yake saki da wuri, mun yi da shi za mu zauna a kai ranar Litinin in Allah ya kai mu.