Patrick O'Brian: Marubucin ne Ya Makara ko Masu Karatu?

Duk lokacin da aka ambaci Patrick O'Brian, marubucin nan ɗan Ingila da ya rasu a Dublin a shekarar 2000, sai ka ji an ce ai tauraronsa ya makara. A ganina wannan magana tana buƙatar gyara. Mutumin da aka buga littafinsa na farko a 1930, yana ɗan shekara 15, yaya za a ce ya makara?

An haife shi a 1914, sunansa na yanka Richard Patrick Russ. Ya sauya suna a 1945, sannan a 1949 shi da matarsa Mary suka ƙaura zuwa Collioure, wani ɗan gari a bakin teku a kudancin Faransa. Can suka daɗe suna fama da rashi. Fassara ce ta rufa masa asiri, domin shi ya mayar da Papillon na Henri Charrière da littattafan Simone de Beauvoir da dama daga Faransanci zuwa Ingilishi.

Ya haura shekara 50 lokacin da Master and Commander ya fito a 1969. Labari ne na Jack Aubrey, kyaftin ɗin jirgin yaƙi na ruwa a zamanin Napoleon, da amininsa likita Stephen Maturin. A Amurka kasuwa ba ta karɓe shi ba, har maɗaba'o'in can suka daina buga jerin bayan littafi na biyar. Amma kamfanin Collins na Landan bai sake shi ba, shi kuma bai ajiye alƙalami ba. Sai a 1990 kamfanin Norton ya sake fitar da littattafan, a 1991 kuma Richard Snow ya yabe su a jaridar New York Times. Nan take duniya ta waiwayo. Yana da shekara 76, littattafai 13 na jerin sun riga sun fito.

To, me ya sauya a cikinsu? Ko wasali ɗaya. Kalmomin matuƙan jirgi da yake zubawa ba tare da bayani ba, waɗanda aka ce suna korar mai karatu, su ne daga baya aka koma ana yabo. Saboda haka in akwai wanda ya cancanci jinjina bayan shi kansa, to Collins ne, da ya haƙura da ƙaramar riba shekara da shekaru.

Shaharar ma ba ta zo masa hannu sake ba. A 1998, shekarar da Mary ta rasu, 'yan jarida suka tono cewa shi ba ɗan Ayalan ba ne kamar yadda aka ɗauka, kuma ya taɓa barin matarsa ta fari da 'ya'ya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Duk da haka ya kammala littafi na 20 a 1999, ajali kuma ya same shi yana tsakiyar na 21, wanda aka buga a 2004 yadda ya bar shi.